Masu Riƙe Linzami Da Masu Ɗaukar Jaka: Laccar Tarihin Wasanni

Wannan lacca ce da wani malaminmu ya yi mana da yamma a zauren da muke haɗuwa, ɗaya daga cikinmu ya naɗa a waya, ni kuma na zauna na kwafe ta yadda ya faɗa, gaishe-gaishen farko kawai na rage.

Toh jama'a, Assalamu alaikum. Na baya kuna jina ko? Madalla. Nasan da aka ce za a yi magana kan wasanni yawancinku kun zata Madrid da Barcelona za mu taɓa, ku yi haƙuri yau ba ƙwallon ƙafa na zo da ita ba, na zo muku da wasanni biyu da muke cewa na masu kuɗi ne, wato ƙwallon lambu wadda ake kira golf, da kuma sukuwar dawaki, sannan in lokaci ya bari mu ɗan leƙa gudun yada ƙanin wani. Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shine, duk inda kuka ga an miƙa kofi to ku duba gefen hoton, akwai wani a tsaye riƙe da jaka ko ragama wanda ba a rubuta sunansa ba, shi na zo nema yau.

Mu fara da golf ɗin. Kun san rubutu na farko da aka samu sunan wasan nan a ciki ba yabo bane, doka ce ta hana shi. Shekarar 1457 Sarki James na biyu na Sikotilan ya sa majalisa ta haramta golf da ƙwallon ƙafa gaba ɗaya, dalili kuwa samari sun bar koyon harbin kibiya sun koma bugun ƙwallo, ga kuma Ingila maƙwabciya ana zaman doya da manja da ita, in yaƙi ya tashi wa zai ja baka? Aka sake jaddada dokar a 1471, aka kuma a 1491, kun ga kenan mutane basu daina ba, don da sun daina ba sai an yi ta maimaitawa ba. Sai a 1502 da aka yi sulhu da Ingila, shi kansa Sarki James na huɗu ya aika aka sayo masa sandunan golf a garin Perth.

Ramuka goma sha takwas ɗin nan da ake bugawa ko ina a duniya ma ba wani lissafi ne mai zurfi ya kawo su ba. Tsohon filin St Andrews na Sikotilan ramuka 22 ake zagayawa a da, a 1764 suka ga huɗun farko sun yi gajarta suka haɗe su suka zama biyu, da yake ana buga su ne a tafiya a kuma buga a dawowa sai lissafi ya sauko 18, sauran filaye suka bi sahu shikenan.

Ƙwallon kuma a da dukawa ne ke yinta, a ɗinka 'yar jakar fata a jiƙe, a dafa gashin dinya mai yawa wanda zai cika doguwar hular nan ta turawa, a dinga cusa shi ta ɗan ƙaramin rami da tsinken ƙarfe har sai ya shige duka, in ta bushe fata ta tsuke gashi ya kumbura sai ta yi tauri kamar dutse. Gwani ya wuni yana aiki bai fi ya gama uku ko huɗu ba, shi yasa ƙwallo ɗaya takan fi sandar tsada, kuma in ruwa ya taɓa ta ta lalace. Anan talaka ya fara barin wasan, ya koma mai bin maigida da jaka yana nemo masa ƙwallo a cikin ciyawa. Da aka samo ta ƙaron wata bishiya ta ƙasar Malesiya wajen 1848, sai 'yan wasa suka lura sabuwa mai sulɓi bata tafiya nesa, amma wadda ta sha duka ta yi tabo ita ke tashi sama ta miƙe, daga nan aka fara sassaƙa mata tabo da gangan da guduma, asalin 'yan ramukan da kuke gani a jikinta kenan.

Yanzu ga na farko cikin mutanen da nake nema. Ɗan tsinken katakon da ake ɗora ƙwallo a kai kafin bugun farko, da babu shi, yaro mai ɗaukar jaka ne zai durƙusa ya ɗebi jiƙaƙƙen yashi ya mulmula ɗan tudu a kowane rami. Wani likitan haƙori baƙar fata a Boston, George Grant, wanda iyayensa sun yi bauta kuma shine baƙar fata na farko da ya koyar a jami'ar Harvard, shi ya yi rajistar tsinken katako a 1899. Bai sayar ba, rabawa abokai yake, ya rasu a 1910, kuma sai a 1991 hukumar golf ta Amurka ta fito ta amince da aikinsa. Shekara tamanin da ɗaya bayan yana ƙasa.

Sai John Shippen, yaro baƙar fata ɗan shekara 16 mai ɗaukar jaka a filin Shinnecock Hills na jihar New York. A 1896 aka kawo babbar gasar Amurka filin, 'yan kulob ɗin da suka san hannunsa suka biya masa kuɗin shiga shi da abokinsa Oscar Bunn ɗan asalin jajayen Indiyawan yankin. Ƙwararrun turawa suka taru suka ce in waɗannan za su buga su sun fasa. Shugaban hukumar, Theodore Havemeyer, ya ce musu gasa za a yi ko da yaran nan biyu ne kaɗai suka rage a fili, wallahi duk lokacin da na zo nan sai na ji mutumin ya burge ni. Aka buga, Shippen ya ƙare cikin shida na farko aka bashi dala goma. Amma kar ku ce an wuce wurin, don daga 1934 har 1961 a rubuce yake cikin tsarin ƙungiyar ƙwararrun golf ta Amurka cewa farar fata kaɗai ke zama mamba. A filin Augusta inda ake gasar Masters kuwa, har 1982 dole ɗan wasa ya ɗauki mai jaka daga na kulob ɗin kuma dukkansu baƙaƙe ne, amma baƙi bai buga gasar ba sai Lee Elder a 1975. Shi yasa ranar da Tiger Woods, shi ma baƙar fata, ya ci ta a 1997 yana ɗan shekara 21 da tazarar bugu 12, ma'aikatan kicin da masu share fili suka fito suna kallo, su sun san abin da suke gani.

Na nan nahiyarmu ma akwai. Papwa Sewgolum, ɗan asalin Indiya haifaffen Durban a Afirka ta Kudu, bai yi makaranta ba, ɗaukar jaka ya taso yana yi, ko riƙon sandarsa a juye yake, hannun hagu a ƙasa, don ba wanda ya koya masa. Ya je Holan ya ci gasar ƙasar sau uku, 1959 da 1960 da 1964. A gida ya ci gasar Natal a 1963, ya sake ci a 1965 inda ya kada fitaccen ɗan wasan golf bature na ƙasar, Gary Player, da kansa. Hoton da ya zagaya duniya shine na ranar da aka miƙa masa kofi a waje ana tsuga ruwa a kansa, turawan da ya kada suna ciki a bushe, saboda dokar wariya bata yarda ya taka cikin ginin kulob ba. Daga baya gwamnati ta hana shi shiga gasar turawa ta kuma riƙe fasfonsa, ya mutu a 1978 cikin talauci bai kai hamsin ba.

Toh mu hau doki, nan ne nafi sakewa.

Sukuwa dai ba baƙuwarmu bace. A cikin Bukhari, Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tsere tsakanin dawakin da aka horar daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, wajen mil shida, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, mil ɗaya, kun ga har an raba aji-aji tun lokacin. Kafin Musulunci kuma sukuwa ce ta haddasa yaƙin Dahis da Gabra'u, an sa raƙuma ɗari tsakanin doki da goɗiya, ɓangare ɗaya suka ɓoye mutane a hanya suka tare Dahis da ya yi gaba, ƙabilun Absu da Zubyan suka kwashe wajen shekara arba'in suna kashe juna. Jarumin da ya fi suna a yaƙin nan Antar ne, baƙi, ɗan baiwa Bahabashiya, wanda ubansa ya daɗe bai amsa shi a matsayin ɗa ba sai da aka buƙaci takobinsa.

Dawakin tseren turawa na yau, masu tsadar nan da ake saye da miliyoyin daloli, in ka bi salsalarsu ta wajen uba duk ingarmu uku suke komawa, kuma babu ɗan Ingila ko ɗaya a ciki. Na farko Byerley Turk, dokin yaƙi ne da wani kyaftin Byerley ya hau a yaƙin Boyne a 1690. Na biyu Darley Arabian, Thomas Darley ya saye shi a Halab ta Siriya a 1704 ya turo gida, bai taɓa yin tsere ba ko sau ɗaya, amma binciken jini ya nuna wajen kashi 95 cikin ɗari na dawakin tsere na yau ta wajen uba daga gare shi suka fito, ta hanyar wani jikan jikansa Eclipse da aka haifa a 1764 shekarar husufin rana, wanda ya yi tsere 18 ba a taɓa wuce shi ba. Na uku Godolphin Arabian, ta Tunis ya bi ya shiga Faransa sannan Ingila, masana da yawa na ganin ma ba Balarabe bane, dokin Barbar ne na Arewacin Afirka, irin jinin da ya ƙetaro Sahara ya shigo bargojin sarakunanmu ya gauraya da na Dongola. Wato wanda kuke gani a hawan daushe da wanda ke gudu a gaban sarkin Ingila akwai dangantaka. Kuma abin ya zagayo, don yau ɗaya daga cikin manyan bargojin tsere na duniya na Sheikh Muhammad bin Rashid ne na Dubai, sunan da ya sa masa kuwa Godolphin.

Akwai goɗiya Kincsem ta ƙasar Hangare, tsere 54 ta yi daga 1876 zuwa 1879 ta cinye duka 54, har yau ba a yi kamarta ba. Akwai Secretariat, dokin Amurka da ya ci gasar Belmont a 1973 da tazarar tsawon doki 31, mil ɗaya da rabi cikin minti 2 da daƙiƙa 24, ba a karya ba har yanzu, da ya mutu likitan da ya buɗe shi ya ƙiyasta zuciyarsa ta kai kilo goma, fiye da ninki biyu na ta sauran dawaki. Kowa ya san wannan. Amma wa ke kwana a bargarsa, wa ke wanke shi ya goge masa ƙafa ya san in ya ƙi cin abinci? Eddie Sweat, baƙar fata daga Carolina ta Kudu. Aka sayar da hannun jarin dokin sama da dala miliyan shida, Eddie ya rasu a 1998 bai bar komai ba.

Frank Hayes shi ma yaron barga ne ba cikakken mahayi ba. Ranar 4 ga Yuni 1923 a filin Belmont aka bashi goɗiya Sweet Kiss ya hau a tseren tsallake shinge, ya matse kansa ya rage nauyi da gaggawa cikin 'yan kwanaki don ya kai awon da ake so. Ana cikin gudu zuciyarsa ta tsaya, gawarsa bata faɗo daga sirdi ba har goɗiyar ta shiga ta ɗaya, mai goɗiyar ta taho yi masa barka sai ta tarar rai ya yi halinsa. Nasararsa ta farko kenan kuma ta ƙarshe. Mutane na ba da labarin nan suna dariya wai gawa ta ci tsere, ni kam ban ga abin dariya ba, yunwa da wahalar rage ƙiba don a samu hawa ɗaya ce ake ganin ta kashe bawan Allah.

Bari in gaya muku abin da na gani da idona. Shekarun baya na je kallon sukuwa bayan sallah, ƙura ta tashi har baka ganin na kusa da kai, makaɗa na ta yi. Wani yaro da bai fi sha huɗu ba, siriri kamar kara, ba takalmi, babban yatsansa kawai ya saƙala a likkafa, ya kwanta a wuyan wani akawal ya fito daga baya ya wuce kowa a kwanar ƙarshe. Da ya sauko ƙafafunsa rawa suke, cinyarsa duk ta saluɓe. Lasifika ta kira sunan doki, ta kira sunan Alhaji mai doki har da kirari, aka miƙa kofi aka ɗau hoto, yaron yana can gefe riƙe da ragama yana zagayawa da dokin don ya huce, wani ya miƙo masa ruwan leda ɗaya sai da ya fara zuba wa dokin a ka kafin ya sha sauran. Ni ma da nake tsaye a wurin ban tambayi sunansa ba, kuma abin yana damuna har yau, shine ma ya sa na fara bin tarihin nan.

Da na bi sai na tarar a Amurka an yi wanda ya fi haka. Kentucky Derby, gasar da suka fi ji da ita, ranar da aka fara ta a Mayun 1875 mahaya 15 ne suka fito, 13 baƙaƙe ne. Wanda ya ci Oliver Lewis a kan dokin Aristides, wanda ya horar da dokin kuma Ansel Williamson, a cikin bauta aka haife shi. Ba abin mamaki bane, don a gonakin kudu bayi ne ke kula da barga tun suna yara, su suka san doki. Cikin gasa 28 na farko baƙaƙe sun ci 15. Isaac Murphy shi kaɗai ya ci uku, 1884 da 1890 da 1891, amma kabarinsa sai da ya ɓace ba alama, sai a shekarun 1960 aka gano shi aka sake masa makwanci. Da kuɗi suka shigo harkar sosai sai mahaya turawa suka haɗa kai, a cikin tsere su matse baƙi jikin shinge, su zabga masa bulala, su nemi kada shi, masu dawaki kuma suka ga in ka ɗora baƙi dokinka ne zai ji ciwo sai suka daina ɗauka. Daga 1921 ba a sake ganin baƙin mahayi a Derby ba sai shekarar 2000.

Kafin in rufe da na ƙarshensu bari in cika alkawarin gudun yada ƙanin wani a gurguje. Olamfik ta 1904 a St. Louis ta Amurka, mutum 32 suka tashi 14 suka kai, ana zafi ga ƙurar motoci, wani Fred Lorz ya hau mota ta ɗauke shi wajen mil 11 ya sauka ya shigo fili kamar shi ya ci sai da asiri ya tonu, wanda aka ba nasarar kuma Thomas Hicks, masu kula da shi sun yi ta ɗura masa farin ƙwai da giya da ɗan gubar da ake kashe ɓera da ita wai don ƙarfi. A cikin wannan hargitsin akwai 'yan ƙabilar Tswana biyu daga Afirka ta Kudu, Len Taunyane da Jan Mashiani, an kawo su ne aikin wasan kwaikwayon yaƙin Boer a bajekolin garin, su ne baƙaƙen Afirka na farko a Olamfik. Taunyane ba takalmi ya yi gudun, karnuka suka kore shi ya bar hanya, duk da haka ya zo na tara, Mashiani na sha biyu. A takardun gasar ko sunansu ba a rubuta daidai ba, aka sa Lentauw da Yamasani.

Toh na ƙarshen shine Jimmy Winkfield, ɗan Kentucky, auta a cikin 'ya'ya 17. Ya ci Derby a 1901 ya sake ci a 1902, kuma daga kansa baƙi bai sake ci ba har yau ɗin nan da nake muku magana. Da ƙofa ta rufe a gida sai ya hau jirgin ruwa a 1904 ya tafi Rasha, baya jin ko kalma ɗaya ta yarensu, can ya zama zakara, yana hawa dawakin manyan attajirai yana zaune a Mosko cikin daula. Sai juyin juya hali ya zo. A 1919 yana Odessa sojojin kwaminis suna matsowa ana jin igwa, shi da abokan aikinsa suka kwance dawakin tsere sama da 250 suka kora su ta ƙasa, tafiyar sama da mil dubu har Folan, ga mata ga yara, ƙauyuka an ƙone, ba hatsi ba harawa, ku da kuka san doki kun san abin da ake nufi da a ciyar da ingarma ɗaya a kwana balle ɗari biyu da hamsin a hanyar yaƙi, kuma yawancinsu sun isa da rai. Ya koma Faransa ya fara daga farko, ya gina bargarsa a Maisons-Laffitte kusa da Faris, sojojin Hitila suka zo suka ƙwace wurin, ya gudu Amurka ya koma aikin lebura da yaron barga yana ɗan shekara kusan sittin, a 1953 ya sake komawa Faransa ya tada bargar.

A 1961 aka gayyace shi wata liyafa ta 'yan jaridar sukuwa a wani babban otal a Louisville, garin da ya ci Derby sau biyu. Ya zo da 'yarsa Liliane, tsoho ɗan kusan tamanin cikin kwat da hula. Mai gadin ƙofa ya tare su ya ce baƙaƙe basa shiga ta gaba. Suka tsaya a nan bakin ƙofa, ya ƙi zagayawa ta baya, sai da aka shiga aka tabbatar cewa baƙon da aka gayyata ne sannan aka bar su suka wuce, a ciki ma kusan ba wanda ya zo teburinsu sai wani tsohon mahayi bature, Roscoe Goose, wanda ya ci Derby a 1913, shi ya gane shi ya taso ya zauna tare dasu. Winkfield ya koma Faransa, can ya rasu a 1974, can aka binne shi.

Na ji ladan ya fara gyaran murya, mu tashi mu yi alwala. Masu tambaya ku riƙe ta, bayan magariba ina nan, ɗana na can baya mai jar hula na ga tun ɗazu hannunka a sama, da kai za mu fara in sha Allahu.